Yadda Za Ka Nazarci Tarihi da Tsarin Gidan Rediyon Kiɗan Kantiri: Darasi Daga WSM ta Nashville

Duk wanda ya taso a gidan da ake kunna rediyo da yamma a shekarun 1980 zai iya tuna muryar Don Williams ko ta Jim Reeves tana fitowa daga sashen Turanci na tashoshinmu, ko kuwa daga kaset ɗin wani direba a kan doguwar hanya. Wannan kiɗa shi ake kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkara na kudancin Amurka, kuma rediyo ce ta raine shi tun yana tsumman goyo. Saboda haka ɗalibin aikin jarida ko ma'aikacin rediyo da yake son sanin yadda ake gina tasha a kan kiɗa iri ɗaya, ya kamata ya zauna da tasha guda ya yi mata nazarin ƙwaƙwaf, maimakon ya yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan. A nan za mu ɗauki WSM, tashar birnin Nashville da ke jihar Tennessee, mu bi matakan da ita, domin kowane mataki yana da amsa a tarihinta. Abin da za ka tanada bai wuce waya mai intanet ba, da littafin rubutu da biro, da agogo, da kuma haƙurin mako guda.

Ka fara da sunan tashar

A Amurka kowace tasha tana da haruffan da hukumar sadarwa ta ƙasar ta ba ta, kuma bisa al'ada tashoshin da ke gabashin kogin Misisipi suna farawa da W, na yammacinsa kuma da K. Don haka harafin farko ya riga ya nuna maka ɓangaren ƙasar da tashar take, ko da yake akwai tsofaffin tashoshi 'yan ƙalilan da suka saɓa wa wannan ƙa'ida. Sauran haruffan kuwa sau da yawa suna ɗauke da sirrin wanda ya kafa gidan. Haruffan WSM sun fito ne daga taken wani kamfanin inshora mai suna National Life and Accident Insurance Company, wanda yake yi wa kansa kirari da "We Shield Millions", ma'ana shi garkuwa ne ga miliyoyin mutane. Wannan kamfani shi ya buɗe tashar ranar 5 ga Oktoba, 1925, a hawa na biyar na ofishinsa da ke tsakiyar Nashville, da injin watsa shirye-shirye mai ƙarfin wat 1,000.

Daga nan sai ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki: wa ya zuba kuɗi, kuma me yake son sayarwa? A ganina wanda ya tsallake wannan tambaya ba zai taɓa gane dalilin da ya sa tasha take kunna abin da take kunnawa ba. Kamfanin National Life yana sayar da inshora mai araha ne ga ma'aikata da manoma, irin wadda wakili yake bin gida-gida yana karɓar 'yan kuɗinta mako-mako. Edwin Craig, ɗan ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, shi ya dage cewa rediyo za ta buɗe wa wakilansu ƙofofin gidajen da ba a san su ba, kuma haka aka yi, domin wakili yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya ce daga gidan rediyon nan na kiɗan daren Asabar yake, sai a ba shi wurin zama kafin ma ya buɗe jakarsa. Ashe ke nan ba son kiɗan ƙauye ne kaɗai ya kawo shi tashar ba. Masu sauraron wannan kiɗa su ne ainihin abokan cinikin mai gidan.

Ka nemo daren da abin ya fara

Kusan kowace tasha mai dogon tarihi tana da shiri ɗaya da ya zame mata ginshiƙi, kuma aikinka shi ne ka gano ranar da aka fara shi, da wanda ya ƙirƙiro shi, da inda ya samo dabarar. WSM ta ɗauko wani mai gabatarwa, George D. Hay, daga tashar WLS ta Shikago, inda tun 1924 ake yin shirin kiɗa da rawa irin na manoma. Shekarunsa 30 kacal a lokacin, amma ya laƙaba wa kansa sunan tsohon alƙali, yana magana kamar dattijo, yana kuma buɗe shiri da busa wani usur na katako mai kukan jirgin ruwa. Ranar 28 ga Nuwamba, 1925, ya zaunar da wani tsoho mai shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, a gaban makirfo da gogensa, 'yar ɗan'uwansa Eva Thompson Jones kuma tana raka shi da fiyano. Tsohon ya yi ta goga kusan awa guda ba tare da ya nuna gajiya ba, saƙonnin tangaraho suna ta shigowa daga masu sauraro suna neman a yi musu taken kaza da kaza, kamar dai yadda wasiƙu suke cika teburin mai gabatar da Zaɓi Sonka a wurinmu. Daga wannan dare ake ƙirga tarihin shirin.

Sunan da duniya ta san shi da shi, wato Grand Ole Opry, ya zo ne daga baya, a 1927, kuma cikin zolaya aka raɗa shi. Shirin da yake gabansa na kiɗan manyan Turawa ne irin na ofera, wanda ake turowa daga New York, sai Hay ya ce wa masu sauraro sun sha kiɗan manya na awa guda, yanzu kuma ga tasu oferar ta mutanen ƙauye, ya karya kalmar yadda bakin ɗan karkara yake faɗinta. Lura da wanda ya yi wasa a wannan dare, domin littattafan talla ba su cika tsayawa a kansa ba. DeFord Bailey ne, baƙar fata, gwanin busa harmonika, wato wani ɗan ƙaramin abin busa da ake karawa a baki, wanda yake kwaikwayon tafiyar jirgin ƙasa da ita har sai mutum ya ɗauka jirgin ne yake wucewa ta bayan gida. Yana cikin taurarin farko na shirin, aka sallame shi a 1941, ya koma sana'ar goge takalma a Nashville, kuma sai a 2005, shekaru da dama bayan rasuwarsa, aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen kantiri. Idan kana rubuta tarihin tasha, ka riƙa tambayar wa aka ɗauka, wa kuma aka ajiye. Shi kansa banjo, wanda yau ake ɗauka tambarin kiɗan Turawan karkara ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙera shi a can bisa fasalin kayan kiɗan da suka baro gida, dangin gurmi da molo da garaya.

Ka auna nisan muryarta

Mataki na gaba na injiniyoyi ne, amma kada ka guje shi. Ka rubuta zangon da tashar take a kai, da ƙarfin injinta, da inda turken eriyarta yake. WSM tana kan matsakaicin zango ne, a kilohaz 650, wato kimanin mita 461 a irin lissafin da tsofaffin masu sauraronmu suka saba ji. A 1932 aka ɗaga ƙarfinta zuwa wat 50,000, aka kafa mata turke a Brentwood, kudu da Nashville, mai faɗi a tsakiya da tsini a sama da ƙasa, tsayinsa ƙafa 878. A 1939 aka rage shi zuwa ƙafa 808, saboda an gano cewa tsayin ya yi yawa, har sautin da yake bin ƙasa da wanda yake dawowa daga sama suna kashe juna a wasu garuruwan da ke nesa kaɗan. Hukuma kuma ta ba tashar matsayin da ya hana wasu tashoshi cunkushe mata zango da dare.

Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne ɗabi'ar matsakaicin zango, wadda duk wanda ya taɓa kama Rediyon Kaduna da dare daga wani gari mai nisa ya san ta. Da rana sautin ba ya wuce yankin da ke kewaye, amma da zarar rana ta faɗi sai ya riƙa bugun sararin sama yana dawowa ƙasa a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita. Ta haka tashar gari ɗaya ta zama ana jin ta a jihohi fiye da 30 har da wani yanki na Kanada, kuma wannan shi ya sa manyan shirye-shiryenta na kantiri suka taru a cikin dare. Ralph Emery, wanda ya karɓi shirin tsakar dare a 1957, ya yi suna ne a wurin direbobin manyan motoci, mawaƙa kuma suna shigo masa ɗakin watsa shiri ba tare da gayyata ba, su zauna hira har asuba.

Kada ka rikita shiri da tsari

Wannan shi ne kuskuren da masu fara nazari suka fi yi. Suna jin cewa WSM ce uwar kiɗan kantiri, sai su ɗauka tun ranar farko shi kaɗai take kunnawa, alhali fiye da shekara 50 tashar gama-gari ce. Tana ɗaukar shirye-shiryen NBC, babban kamfanin da yake rarraba shirye-shirye ga tashoshin ƙasar, tana da labarai da wasan kwaikwayo da bayanin farashin amfanin gona da ƙungiyar makaɗa irin ta birni, kuma manyan garin Nashville na wancan zamani ba su ji daɗin yadda kiɗan 'yan ƙauye yake neman zama fuskar birninsu ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970 ta koma kantiri dare da rana. Tashar da aka fi ambata a matsayin wadda ta fara yin kantiri zalla ita ce KDAV ta Lubbock a jihar Teksas, a 1953, kuma a ƙidayar 1961 irin waɗannan tashoshi 81 ne kawai a duk faɗin Amurka. Ƙungiyar masu harkar kantiri da aka kafa a 1958 ta yi ta zawarcin masu gidajen rediyo da masu talla har adadin ya kai dubbai.

Saboda haka ka raba shafinka gida biyu, ɗaya na tarihin babban shiri, ɗaya na tarihin tsarin tasha. A ɓangaren shiri za ka rubuta yadda 'yan kallo suka yi yawa har ofishin inshora ya kasa ɗaukarsu, aka yi ta ƙaura daga wannan zaure zuwa wancan, aka ma sa kuɗin shiga na santi 25 a 1939 don a rage cunkoso amma bai ragu ba. A wannan shekarar ce NBC ta fara yaɗa rabin awa na shirin ta wasu tashoshinta bisa tallafin tabar Prince Albert. A 1943 aka koma zauren Ryman, tsohon ɗakin wa'azi da aka gina a 1892, mai kujerun katako irin na coci kuma babu na'urar sanyaya ɗaki, aka zauna nan har Maris na 1974, lokacin da aka tare a sabon gida mai kujeru kimanin 4,400, Shugaba Richard Nixon ya halarci buɗewar har ya taɓa fiyano. An yanko wani da'irar katako daga dandamalin Ryman an dasa shi a tsakiyar sabon dandamali, kuma a kansa mawaƙa suke tsayawa har yau. A ɓangaren tasha kuwa za ka rubuta cewa a 1941 gidan ya buɗe tashar FM ta kasuwanci ta farko a Amurka, a 1950 ya buɗe talabijin, a farkon shekarun 1980 kuma ya fita daga hannun kamfanin inshora ya koma na Gaylord, wanda a 2012 ya sauya suna zuwa Ryman Hospitality Properties.

Yanzu sai sauraro

Duk abin da ya gabata karatu ne, amma tsarin tasha da kunne ake gano shi. Rediyon gida ba za ta kamo maka WSM daga Kano ko Maradi ba, sai dai ka bi ta shafin tashar na intanet ko manhajarta. Ka yi lissafin data tun da wuri: sauti mai gudun kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 29 a awa, mai 128 kuma ninkin haka. Sannan ka kula da bambancin lokaci, domin a nan na taɓa yin asarar barci. Nashville tana bayan Najeriya da Nijar da awa 6 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 7 kuma a sauran watanni, saboda Amurkawa suna matsar da agogonsu sau biyu a shekara. Shirin da ya fara ƙarfe 7 na yammacin Asabar a can zai same ka ƙarfe 1 na daren Asabar wayewar Lahadi a damina, ƙarfe 2 kuma a lokacin hunturu, mai sauraro a Kumasi ko Tamale kuma ya rage awa guda. Ni na tashi ƙarfe 1 a wani dare na sanyi, na haɗa shayi, na buɗe littafi, na yi awa guda cur ina jiran abin da lokacinsa bai yi ba.

Ka zana da'ira a shafi kamar fuskar agogo, ka fara daidai kan awa. Abu na farko da za ka ji shi ne sanarwar sunan tasha da garinta, domin dokar ƙasar ta wajabta a faɗe su a kusa da kan kowace awa. Daga nan duk abin da ya fito ka sa masa alama a minti ɗin da ya fara da wanda ya ƙare: waƙa, ko surutun mai gabatarwa, ko talla, ko labarai, ko bayanin yanayi da cunkoson motoci. A gefen kowace waƙa ka rubuta abu uku, wato shekarar da ta fito gwargwadon abin da ka iya ganowa, da ko mace ce ta rera ko namiji, da ko mai sauri ce ko mai sanyi. Ka kuma rubuta me ake tallatawa, domin talla ba ta ƙarya game da wanda tasha take ganin yana sauraronta. Idan motocin ɗaukar kaya da magunguna da tikitin kallon wasa suka yi yawa, ka san shekarun mai sauraro da aljihunsa. Ka yi wannan sau uku a rana a lokutan can, da safe sa'ad da mutane suke hanyar aiki, da tsakar rana, da kuma dare, har kwana bakwai.

Daren Asabar ka ba shi shafinsa daban, saboda Grand Ole Opry ba ya bin agogon sauran kwanaki. Shiri ne na kai tsaye a gaban 'yan kallo, kuma tsohon fasalinsa shi ne a yanka dare gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da kamfanin da ya ɗauki nauyinta, kamar yadda kamfanin fulawa na Martha White ya yi shekara da shekaru. Mawaƙi yakan yi waƙa biyu ko uku ya sauka, wani ya hau, mai sanarwa kuma yana tsaye a gefen dandamali yana karanta talla da bakinsa, 'yan kallo suna ji. Abin da za ka fi lura da shi shi ne cakuɗa tsara: dattijon da ya yi tashe shekara 50 da suka wuce, da yarinyar da waƙarta ta farko ta fito bana, da masu kiɗan gargajiya na goge da banjo, da mai barkwanci, duk a dare ɗaya. Zama cikakken ɗan shirin kuma sai da gayyata, kuma a da har sharaɗi ake gindayawa na fitowa sau 26 a shekara.

Bayan ka gama da WSM, ka ɗauki kowace tashar kantiri ta FM daga wani gari na Amurka ka yi mata irin wannan da'ira ta kwana biyu, domin sai da gwaji ake sanin na ƙwarai. A mafi yawansu za ka tarar da 'yan sababbin waƙoƙi kaɗan suna ta dawowa bayan kowace 'yar awa, tsofaffi kuma ana yayyafa su kamar gishiri, mai gabatarwa ba ya wuce 'yan daƙiƙu yana magana. Kwamfuta ce take jera waƙoƙin bisa rukunin da daraktan kiɗa ya sa su, kuma tun bayan dokar sadarwa ta 1996, wadda ta ba kamfani ɗaya damar mallakar tashoshi masu yawa, muryar da kake ji tana gaishe da mutanen gari wataƙila an naɗe ta ne a wani birni dabam. Ginshiƙin da ka ware na mata da maza shi ma zai yi magana. A 2015 wani mai ba tashoshi shawara, Keith Hill, ya jawo ce-ce-ku-ce da ya kwatanta mawaƙa mata da tumatirin da ake ɗan yankawa a kan salak, yana nufin kada a yawaita su, kuma ƙirgarka za ta nuna maka ko tashar da ka zaɓa tana bin wannan ra'ayi. WSM kuwa ta fi karkata ga tsofaffin waƙoƙi da hira da mawaƙa da ba da tarihin faifai, ko da yake tana sa na zamani.

Ka binciki ranar da aka so a sauya ta

Darajar tsari a wurin jama'a tana fitowa ne ranar da aka yi yunƙurin taɓa shi. A farkon 2002 labari ya bazu cewa masu WSM suna shirin mayar da ita tashar wasanni da hira, saboda kiɗa a matsakaicin zango ya daina kawo kuɗi kamar da. Masu sauraro da mawaƙa suka yi ca, aka yi zanga-zanga, aka aika dubban saƙonni, a ƙarshe kamfanin ya fito ya ce kantiri zai ci gaba. A watan Mayu na 2010 kuma kogin Cumberland ya yi ambaliya ya shanye dandamalin Opry, sai tashar ta koma watsa shiri daga ginin da ke gindin turkenta a Brentwood, shirin Asabar kuma ya yi ta aron zaure, har da tsohon gidansa na Ryman, zuwa ƙarshen Satumba. Ko a lokacin annobar korona a 2020 an ci gaba da yin sa a gaban kujeru wayam, wanda ya sa aka iya bikin dare na 5,000 ranar 30 ga Oktoba, 2021, da na cika shekara 100 a 2025.

Idan ka zo rubuta sakamakon, ka sa kwanan wata da lokacin can da na nan a kan kowace da'ira, domin jadawalin tasha ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya yi wannan nazari kafin tsakiyar 2020 zai ce maka daren WSM na Eddie Stubbs ne, mutumin da yake iya faɗin ranar da aka naɗi faifai da sunan kowane makaɗin da ya yi aiki a ciki, amma a shekarar ya ajiye aiki, sai fasalin daren ya sauya. Ka ware abin da ka ji da kunnenka daga abin da ka karanta, ka kuma ware abin da tashar take faɗa game da kanta daga abin da wasu suka tabbatar, musamman a kan duk wata da'awar cewa ita ce ta farko a wani abu. Inda ka sami ranaku biyu masu karo da juna, kamar yadda ake samu a kan ainihin daren da aka raɗa wa Opry suna, ka rubuta shekarar kawai, ka bar ranar har sai ka ga jaridar wancan mako da idonka.